MAJEMIN DA YA TSAYAR DA FARASHI A FARANSA, AMMA WA YA CI RIBAR?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi wa 'yan uwana manoma da masu ƙananan tireda bayani a kan wani firayim ministan Faransa mai suna Antoine Pinay. Wani zai ce ina ruwan manomi da mutumin da ya yi mulki tun 1952? To, ruwanmu shi ne abin da ya yi fama da shi tsadar kaya ce da lalacewar darajar kuɗi, ciwon da duk mai tebur a kasuwa ya san zafinsa. Ka sayar da buhu yau, kuɗin ba za su saro maka irinsa gobe ba.

An haifi Pinay a 1891. Ba lauya ba ne, ba kuma farfesa ba. Majema ta dangin matarsa yake gudanarwa a wani gari da ake kira Saint-Chamond, wato dai fata da ƙirgi ne sana'arsa. Ya ji rauni a hannun dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zama magajin garin a 1929. Yana da tabo guda: a 1940 yana cikin 'yan majalisar da suka miƙa wa Mashal Pétain cikakken iko, shi kuwa Pétain ya haɗa kai da Jamus. Bayan yaƙi an hana shi takara na ɗan lokaci, sannan aka wanke shi.

A farkon 1952 Faransa na cikin wani hali. Yaƙin Koriya ya sa kaya sun yi tashin gwauron zabi a duniya, ga kuma nata yaƙin a Biyetnam yana cinye baitulmali. Firayim ministan da ya gabace shi, Edgar Faure, kwana 40 kacal ya yi. Ya nemi ƙara haraji da kashi 15 cikin 100, majalisa ta kayar da shi. Sai shugaban ƙasa Vincent Auriol ya kira Pinay, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, mutumin da ba a zaci zai kai labari ba. Ranar 6 ga Maris 1952 ya tsallake, saboda 'yan majalisa 27 na jam'iyyar Janar Digol sun saɓa wa umarnin jam'iyyarsu sun jefa masa ƙuri'a.

Ku dubi yadda ya raba muƙamai, domin a nan za a gane inda ya sa gaba. Harkokin waje ya bar wa Robert Schuman, tsaro ya ba René Pleven, Henri Queuille ya zama mataimakinsa, Camille Laurens ya riƙe aikin gona, Pierre Pflimlin kuma ƙasashen da Faransa ke mulka a ƙetare, ciki har da Nijar. Pleven da Queuille da Schuman duk sun taɓa zama firayim minista, sun fi shi suna nesa ba kusa ba. Amma ma'aikatar kuɗi bai ba kowa ba, ya haɗa da tasa kujerar ya riƙe. Irin na mai shago ke nan, ya bar yara su auna kaya, amma aljihun tebur yana hannunsa.

Da ya hau, sai ya ce ba zai ƙara haraji ba, gwamnati ce za ta rage kashe kuɗi. Ya roƙi 'yan kasuwa da masu masana'antu su sassauta farashi da kansu, daga baya kuma ya sa doka ta tsayar da shi. A watan Yuli aka amince cewa mafi ƙarancin albashi zai riƙa bin farashin kaya, in kaya sun tashi shi ma ya tashi.

Babban abin da ake tuna shi da shi kuwa rance ne. A lokacin Faransawa sun daina yarda da kuɗinsu, wato faran, wanda 'yan uwanmu na Nijar ke kira tamma. Mai hali sai ya sayi zinariya ya ɓoye, ko ya fitar da dukiyarsa waje, kamar yadda mu a ƙauye in naira ta fara narkewa mukan sayi ɗan maraƙi ko mu ajiye hatsi a rumbu. Pinay ya ce a kawo kuɗin a ranta wa gwamnati a kan ruwa kashi 3.5 cikin 100, kuma darajar takardar bashin za ta riƙa bin farashin zinariya. Ya ƙara da cewa ba harajin gado a kanta. Waɗanda suka ɓoye dukiya suka ƙi biyan haraji a baya kuma ya yi masu afuwa. Kuɗi suka fito daga maɓoya, farashi ya tsaya cik, ya kuma daɗe bai yi wani motsin kirki ba.

A nan ne nake da magana, Malam Edita. Masu yabonsa suna cewa gaskiyarsa da sauƙin kansa ne suka jawo yardar jama'a. Akwai wannan, ban musa ba. Mutum ne da ke magana kamar maƙwabcinka, ya ce gwamnati ma gida ce, kada ta ci fiye da abin da ta samu. Amma akwai abu biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, ya taki sa'a, domin lokacin da ya hau farashin kaya a kasuwar duniya ya riga ya fara sauka bayan zazzaɓin yaƙin Koriya. Na biyu, yardar nan saye aka yi, kuma masu hali aka biya. Wanda ya biya harajinsa tsakani da Allah shekara da shekaru bai samu komai ba, wanda ya ɓoye shi aka yi wa afuwa har da tukuici. Har ta kai in attajiri ya kwanta ciwon ajali, magada sai su yi maza su mayar da dukiyarsa takardun Pinay, a binne shi su sayar, gwamnati ba ta ga ko anini na harajin gado ba. Haka aka yi ta yi sai a 1973 aka toshe wannan kafa. Rage kashe kuɗin ma ayyukan gine-gine da raya ƙasa ya fi taɓawa, ciniki ya yi sanyi, ga shi a 1953 ma'aikatan gwamnati suka yi wani gagarumin yajin aiki a zamanin Joseph Laniel.

Duk da haka, ni a matsayina na mai ƙaramin jari, in aka ce in zaɓa, zan ɗauki shekarar da farashi ya tsaya. Attajiri ko kaya sun tashi yana da inda zai fake. Mai tebur jarinsa ne ke zagwanyewa a hannunsa yana kallo, manomi kuwa ya sayar da kaka da arha ya sayi taki da tsada.

Gwamnatin ba ta yi tsawon rai ba. A Disamba 1952 jam'iyyar MRP, ta su Schuman da Pflimlin, ta juya masa baya a kan kuɗin tallafin iyali, shi kuwa bai jira a ƙirga ƙuri'a ba ya ajiye aiki. Wata tara da 'yan kwanaki ke nan. A cikin wannan watan ne, ranar 15, aka kafa dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare, bayan yajin aikin da ma'aikatan Afirka ta Yamma suka yi ranar 3 ga Nuwamba. Ma'aikatan Nijar na cikin waɗanda dokar ta shafa.

Ya dawo ministan harkokin waje a 1955, shi ya zauna da Sarki Muhammadu na Biyar a kan 'yancin Maroko. A 1958 Janar Digol ya ba shi ma'aikatar kuɗi, kuma mutumin nan da ya yi suna wajen kare faran, shi da kansa ya karya darajarta da kashi 17.5 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Ranar 1 ga Janairu 1960 aka fito da sabuwar faran, tsohuwa 100 ta koma sabuwa 1. Daga nan ne lissafin sefa 50 a faran 1 ya samo asali, lissafin da masu canji a kasuwannin bakin iyaka suka yi shekara 34 suna aiki da shi, har Janairu 1994 da aka mayar da shi sefa 100 a zamanin firayim minista Edouard Balladur. Pinay ya ga wannan da idonsa, domin sai a Disamba na wannan shekarar ya rasu, yana da shekara 102.

Wassalam.

Naku,
Manomi mai tireda,
daga Illela, Jihar Sakkwato.