Bayan Windows 10: Ina mafita ga masu shagunan kwamfuta a Gaya da Ajingi?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro kyauta. Kwamfutocin ba su daina aiki ba, amma duk wata sabuwar kafa da ɓarayin intanet suka gano, a buɗe za ta zauna.

Lamarin ya shafi masu shagunan kwamfuta a Gaya da Ajingi kai tsaye. A nan ɗalibai ke duba sakamakon WAEC da NECO, a nan suke buga takardun JAMB, kuma lambobin NIN da hotunan mutane kan kwana a cikin injinan.

Komawa Windows 11 ba abu ne mai sauƙi ba. Tana buƙatar RAM na aƙalla 4GB, ma'ajiya 64GB da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma galibi ba ta karɓar furosesan Intel da ya girmi zubi na takwas. Kwamfutocin hannu da yawa da ake sarowa daga titin Beirut a Kano ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Wannan ne ya sa ake maganar Linux. Nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, kuma Mint na iya tashi da RAM 2GB. Tsohuwar kwamfuta da ke jan ƙafa takan sami sauƙi da ita. Duk aikin da ake yi ta shafin intanet, Chrome da Firefox na yin sa a Linux, LibreOffice kuma na buɗe takardun Word, duk da cewa tsarin shafi kan ɗan goce.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajojin sana'a. CorelDRAW, da ake zana katin biki da fastar 'yan siyasa da ita, babu ta a Linux. Haka Photoshop. Ga zaɓen 2027 na tafe, mai shago ba zai bar abin da ke kawo masa kuɗi ba. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, amma sai an sake koyo. Wasu firintoci da na'urorin ɗaukar hoton yatsa ma da manhajar Windows kaɗai suke zuwa.

Kwamfutar Apple na ɗaukar CorelDRAW da Photoshop, kuma tana riƙe caji, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin ƙaramin shago.

Mafita mafi sauƙi ita ce raba aiki. Kwamfutar da ke shiga intanet da bayanan jama'a ta koma Linux ko Windows 11. Tsohuwar mai Windows 10 kuwa a cire ta daga intanet, a bar mata zane da bugawa, a riƙa tace duk filashin da za a sa mata.