GYARA KAYANKA: Kafin Ka Sayi Sabon Modem, Duba Wayar Gidanka

A wannan wata za mu taɓo kukan da ya yi yawa a bakin 'yan'uwa mazauna Glass, wato nauyin intanet na gida mai bi ta layin tarho na tagulla, wanda ake kira ADSL. Wani har sabon modem zai saya, kuɗi ya tafi, ciwo yana nan.

Tun 2002 babbar wayar ƙarƙashin teku SAT-3 ta iso Libreville, ACE kuma ta biyo baya a 2012. Amma duk ƙarfinsu, in wayar cikin ɗakinka ta lalace, aikin banza ne.

Ga yadda abin yake. Waya ɗaya ce ke ɗaukar murya da intanet. Murya tana bin ƙasa da kilohaz 4, intanet kuwa daga wajen 25 zuwa sama da 1,000. 'Yar na'urar nan filta ita ce ke raba su. Saboda haka kowane tarho da ke kan layin sai an sa masa tasa, in ba haka ba, da an ɗaga kira sai intanet ya yanke.

To, sai gwaji. Cire dukkan tarho, ka kai modem soket na farko inda layi ya shigo gida. In gudu ya ƙaru, laifin na cikin gida ne. Glass bakin ruwa take, iskar gishiri da danshin damina suna cin tagulla. Buɗe soket, in ka ga kan waya ya yi kore, yanke wurin, fere sabo, ka ɗaure tamau. Tsofaffin soket irin na Faransa masu siffar T, wasu suna da ɗan kwandansa a ciki mai rage gudu; mai gyara zai iya cire shi. A guji doguwar wayar ƙari, a kuma nisanta layi da wayar lantarki.

In har a soket na farko ana jin ƙaraf-ƙaraf a tarho, matsalar daga waje take. Kada ka hau turke, kai ƙara ofishin kamfani. Kuma kada a taɓa waya ana tsawa.

Wanda aka ja wa fiba, shi ba ruwansa da filta. Saura kuwa, a tuna rigakafi ya fi magani. Sai mun haɗu wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.