Alƙaluman Laifuka: Kafin Mu Kwatanta Kanmu da Wasu

Lokaci zuwa lokaci wani jadawali kan ɓullo yana yawo a wayoyin jama'a, an jera ƙasashen duniya daga wadda ta fi fama da laifuka zuwa wadda ta fi zaman lafiya. Idan Najeriya ta samu matsayi mai kyau sai jami'an gwamnati su bugi ƙirji, idan aka samu akasi sai 'yan adawa su samu abin faɗa. Ra'ayin wannan jarida shi ne yawancin waɗannan jadawalai ba su cancanci murna ko ɓacin rai ba, domin kowace ƙasa da irin mudun da take awo da shi, mu kuwa awon ma ba mu cika yi ba.

A duba Suwidin. Shekara da shekaru ana ambatonta cikin ƙasashen da suka fi yawan fyaɗe a Turai. Amma a can, idan mace ta kai ƙara cewa mijinta ya yi ta cin zarafinta tsawon shekara, 'yan sanda kan rubuta kowane karo a matsayin laifi mai zaman kansa, alhali wata ƙasar laifi ɗaya za ta rubuta, wata kuma ko saurarenta ba za a yi ba. Sun faɗaɗa ma'anar laifin a dokarsu a 2005, suka sake faɗaɗa ta a 2018, kuma tun ranar da aka kai ƙara ake shigar da shi lissafi, ba sai kotu ta yanke hukunci ba. Yawan alƙalumansu yana nuna yadda mata suka yarda su yi magana da yadda hukuma ke rubutawa. Ƙasar da ake rufe maganar a ɗakin mai unguwa saboda rufin asiri za ta fito fes a takarda, alhali 'ya'yanta na cikin ƙunci.

Ko ƙasashe masu ƙarfi ba su tsira ba. A 2014 binciken hukuma ya gano cewa 'yan sandan Ingila da Wales ba sa rubuta kusan ɗaya cikin biyar na laifukan da ake kai musu. A Amurka, da hukumar FBI ta sauya tsarin tattara bayanai a 2021, dubban rundunoni, ciki har da na New York da Los Angeles, ba su miƙa nasu ba. Bambancinsu da mu shi ne suna da hanya ta biyu: tun 1973 Amurka ke bin gidaje tana tambayar mutane abin da ya same su, Ingila kuma tun 1982, don a gano abin da bai isa caji ofis ba.

Shi ya sa masana suka fi dogara da kisan kai wajen kwatance, tunda gawa tana da wuyar ɓoyewa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, UNODC, ya ƙiyasta an kashe mutum kusan 458,000 a duniya a 2021, wato 5.8 cikin kowane mutum 100,000. Amma shi ma wannan ma'aunin yana buƙatar ƙasar da ke rajistar mamatanta. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, idan 'yan bindiga suka kai hari da asuba, kafin la'asar an yi wa mamatan sutura an binne su kamar yadda addini ya tanada. Babu likitan da ya duba, babu takardar shaidar mutuwa, wani lokacin ko jami'in tsaro bai taka garin ba. Waɗannan bayin Allah a zukatan iyalansu kaɗai suke rubuce.

Namu alƙaluman sun isa misali. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2017 ya nuna laifuka 134,663 da aka kai wa 'yan sanda a faɗin ƙasa, fiye da kashi ɗaya cikin uku a Legas kaɗai. A ƙarshen 2024 hukumar ta fitar da sakamakon binciken gida-gida, wanda ya ƙiyasta laifuka kusan miliyan 52 cikin shekara guda, da kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23, da kashe mutum 614,937. Adadi na ƙarshen nan ya zarce abin da UNODC ta ƙiyasta wa duniya baki ɗaya, don haka dole a binciki yadda aka kai gare shi. Sai dai wanda ya fake da wannan adadin ya yi watsi da rahoton gaba ɗaya bai yi wa talaka adalci ba. Tazarar da ke tsakanin dubu ɗari da 'yan kai da miliyoyi tana faɗin abin da kowa ya sani: wanda aka sace wa shanu ko babur ya fi zuwa wurin dagaci ko 'yan sa-kai, domin yana tsoron a ce ya kawo kuɗin mai ko kuɗin takarda, wanda aka yi garkuwa da ɗansa kuma ya sayar da gona ya yi shiru.

Tun 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsari guda na rarraba laifuka domin a iya kwatanta ƙasa da ƙasa. Babu dalilin da zai hana rundunar 'yan sandanmu aiki da shi, ta riƙa fitar da alƙaluma jiha-jiha duk bayan wata uku, yadda Afirka ta Kudu ke yi duk da munin nata. Kwamandan da alƙaluman yankinsa suka hau saboda ya fara rubuta gaskiya, yabo ya kamace shi, kada a sauya masa wurin aiki. Muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ta wajabta wannan a doka, ta ware wa Hukumar Ƙididdiga kuɗin maimaita binciken gida-gida kowace shekara tare da bayyana hanyar da ta bi, sannan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta haɗa kai da masu unguwanni da limamai a riƙa rajistar kowane mamaci da sanadin mutuwarsa.