Wutar Da Ke Fara Ci Daga Zuci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara, galibinsu a ƙasashe matalauta. A cikinsu akwai waɗanda ba a son ambatonsu, watau mutanen da suka cinna wa kansu wuta da gangan. Binciken likitoci a Iran da Afganistan da Indiya ya nuna akasarinsu matan aure ne masu ƙuruciya, waɗanda zaman gida ya ƙuntata musu. A ƙasashen Turai kuwa maza sun fi yawa, kuma da dama an san su da taɓin hankali tun da farko. Ko'ina ne dai, irin wannan ƙuna ta fi ta hatsari faɗi da zurfi, ta kuma fi ta kisa. Wanda ya tsira yakan daɗe a gadon asibiti, ya fito da tabo, ciwon zuciyarsa kuwa yana nan.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal, musamman mutanen Maiha da kewayenta. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, a Nuwamba suka shiga Maiha, jama'a suka watse cikin duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru. An koma gida, an gyara katanga, amma firgita da rashin barci ba sa gyaruwa da siminti. Magidanci ya tafi Kudu ci-rani, yana aiko da kuɗi duk wata, alhali bai san matarsa ta daina cin abinci ba, ko ƙaninsa ya daina magana da kowa.

Idan abin ya auku, sai dangi su ce risho ne ya fashe. Kunya ce ke sa haka, da kuma tsoron hukuma, domin sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a madadin ta 1958, a shekarar kuma Gana ta soke hukunta irin wannan yunƙuri. Lalle ne duk inda wannan sashe ya saura a share shi. Majinyaci likita yake bukata, ba gandiroba ba.

Wajibi ne kuma Gwamnatin Jihar Adamawa ta horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauyuka su iya gane ciwon baƙin ciki, domin ba kowane talakan Maiha ke da kuɗin motar zuwa asibitin masu taɓin hankali na Tarayya da ke Maiduguri ba. Limamai da fastoci su riƙa gaya wa jama'a cewa neman magani ba raunin imani ba ne.

Amma babban nauyi yana kan dangi. Wanda ya ce ya gaji da duniya, kada a ce masa yi haƙuri kawai a tashi. A zauna a saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da kananzir da fetur daga ɗakinsa, a kai shi asibiti. Ɗan ci-rani kuma ya tuna zumunta a ƙafa take. Idan murya ta sauya a waya, ya nemi mota ya tafi gida.