Wutar Gas A Kudu Da Gatari A Kuki

Ya ku malamai da almajirai na Kuki da Dutsin-Ma da Kurfi, ku sani akwai wata wuta a kudancin ƙasan nan wadda ba ta mutuwa dare da rana. Iskar gas ce da ke fitowa tare da ɗanyen mai, kamfanoni sukan cinna mata wuta a bakin bututu domin ƙona ta ya fi musu araha bisa tara ta. An samu mai a Oloibiri a 1956. Aka yi doka a 1979 cewa a daina ƙonawa daga 1984, ba a daina ba. A 2005 Babbar Kotun Tarayya a Benin ta hukunta cewa ƙonawar tauye haƙƙin rayuwa ne ga mutanen Iwherekan, duk da haka wutar ba ta mutu ba. Hayaƙinta na cin kwanon rufinsu da ƙirazan 'ya'yansu.

Ni ban san sunan wannan ba sai almubazzaranci, shari'a kuwa ta hana shi. Ga mu nan matanmu na tuƙa tuwo da itace, idanu na hawaye, gatari bai bar ɗorawa ba, bai bar gawo ba, alhali gawo shi ne mai zubar da ganye da damina ya taki gero.

A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614. Kada wannan ya ruɗe ku. Gas ɗin bututu na injunan lantarki ne da masana'antu, dabam yake da wanda ake ɗurawa a tukunya don girki, kuma bututun ba zai shiga madafar kowa a Kuki ba. Wajibi ne wakilanmu su nemi a kawo na girkin kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi, da awon da talaka zai iya saye.

Kafin nan, ku dubi 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun wajen 1984 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe, har itatuwa suka dawo a fili kimanin hekta miliyan 5. Malam, in ka aiki almajirai neman itacen wutar karatu, ka ce musu su ɗebo busasshe, kada su taɓa ɗanye. Wassalam.