Katangar Port Arthur: nauyin da ke wuyan ƙaramar hukuma

A gaɓar tekun jihar Texas ta Amurka, injiniyoyin rundunar sojin ƙasa ne ke ƙarfafa katangun da ke kare garin Port Arthur daga ambaliyar teku, da kuɗin da majalisar tarayya ta amince da su a 2018, bayan guguwar Harvey. Sai dai kashi 65 cikin ɗari kaɗai tarayya ke biya. Ragowar 35, da kuma kula da katangun bayan an gama aiki, suna wuyan hukumar magudanan ruwa ta gundumar Jefferson, wadda harajin gidaje da filaye ke riƙe da ita. Nan gizo ke saƙar, domin kason ya fi ƙarfin aljihunta, har sai da majalisar jihar ta kawo ɗauki a 2019.