Ciwon daji: kafin ƙwayoyin ƙarfe su iso Bawku

A 2010 Turai ta amince da wata dabarar Jamus: a zuba ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, a ɗumama su da maganaɗisu har su kashe cutar. Irinsu na fito da hoton na'urar MRI sarai, masana kuma na gwajin ɗora musu magani su sauke shi daidai kan ciwon.

Madalla. Amma mai ciwon daji a Bawku, in gashin ƙari yake bukata, sai ya ƙulle kayansa ya bi motar dare, ya ratsa Bolga da Tamale har Kumasi ko Accra. Wani, kuɗin mota kaɗai ke zaunar da shi gida.

Gwamnatin Ghana, a kawo na'urar gashin ƙari Tamale.